Gwanki Biyu da Yafiyar Dakta Lin

Bayan Jami'a,
20 ga Janairu, 2024

Zuwa ga ɗana Ummaru Faruƙu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da aiki, da zaman baƙunta. Mu nan lafiya lau, sai kunnen nan nawa da ya ƙara toshewa. Yanzu ko jaki ya yi kuka a ƙofar gida sai dai in ga bakinsa a buɗe. Shi ya sa na ce wa 'yata Saffana ta daina miƙo mini waya idan ka kira, wahalar da kanka kawai kake yi. Takarda ta fi mini. Zan riƙa aiko maka ta hannun Alhaji Mas'udu na Kantin Kwari idan zai taso wajenku saro kaya, kai ma ka riƙa ba shi amsa. Ka liƙe ambulan da kyau, ba na son Saffana ta riga ni karantawa.

Innarka ta zo ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi, har ta yi mini faɗa a kan hulata, ka ga kuwa ta warke.

Babban labari shi ne kujerar Makka ta fito bana, an ce jirginmu ƙarshen watan Mayu. Ka san yadda ake yi, na fara zagayen neman yafiya. Na bi dangi, na bi maƙwabta, har mahaucin nan da muka yi shekara tara ba ma gaisawa. Kowa ya ce ya yafe, wasu tun kafin in rufe baki.

Akwai aikin da zan sa ka. Lokacin da nake sabon ma'aikaci a gidan dabbobin jami'armu, an kawo mana wani likitan dabbobi daga China, ƙasar da kake, ana ce masa Dakta Lin. Ya zo a 1985, ya koma a 1987. Lokacin gidan yana gida: zaki biyu, kura huɗu, jimina, kada, gwanki, har da ɗan giwa da ya cinye wa wani farfesa takardun jarrabawa. Bayan ya koma ya aiko wa ma'aikata katin gaisuwa sau ɗaya, ni na ajiye ambulan ɗin. Ga shi nan na sa maka a ciki, akwai rubutunsu a baya. Wani ɗalibi ya duba ya ce sunan wata jami'a ce a garinku.

Ka je ka nemo mini shi. Ina so in san yana raye kafin in tafi, sauran magana sai ka gan shi. In ka je kuma ka duba mini yadda suke ajiye dabbobinsu.

Ka gaida mutanenmu na nan.

Kawunka,
Illa


Tianxiu, Xiaobei,
3 ga Maris, 2024

Kawu,

Amin, wa alaikumus salam. Takardarka ta zo ta hannun Alhaji Mas'udu tun farkon watan jiya. Ina lafiya, aiki alhamdu lillahi. Barka da arziki, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Tun daga nan na kama layi: kason addu'a, da zamzam ko da cikin murfin kwalba ne.

Kada ka ga na yi jinkiri. Takardar ta zo daidai da sabuwar shekarar mutanen nan. Gari ya watse, masana'antu a rufe, makarantu a rufe, har mai sayar mini da burodi ya tafi ƙauyensu. Sai Asabar ɗin da ta wuce na samu na je.

Wurin da nisa. Na hau jirgin ƙasa daga Xiaobei, na sauya sau biyu, sannan na shiga bas. Jami'ar tana nan, amma ginin da ke kan ambulan ɗinka babu shi, an dasa wani dogo na gilashi a wurin. Gidan dabbobin yana can baya, bayan sashen likitocin dabbobi. Na nuna fasfo a ƙofa suka bar ni na shiga.

Tunda ka ce in duba maka, na duba da kyau. Bai kai naku girma ba, yadda kake ba mu labari. Wata mata mai takalmin roba, wadda ke kula da barewa, ita ta zagaya da ni, da ɗan Sinancin kasuwa da nake ji muka fahimci juna. Ta ce da barewa goma sha biyu aka fara, sama da shekara sittin ke nan, ana kiwonsu don ƙahonsu, a yanke a yi magani. Daga baya hukuma ta riƙa kawo musu dabbobin da aka ƙwace hannun masu fasa-ƙwauri, ɗalibai suna koyon aiki a kansu. Wata shekara ruwa ya ci wurin, kadoji biyu suka fita, aka tsince su a filin ƙwallo. Ta ce tun daga ranar aka ƙara wa katangar kada tsayi.

Barewar tasu masu ɗigo-ɗigon fari ne, sun kai talatin, duk sun yi ɓul-ɓul. Akwai birai masu jan baya, ɗaya ya fizge mini ambulan ɗinka, da ƙyar matar ta karɓo shi da ayaba. Akwai ɗawisu, da jimina uku, da beguwa, da kunkuru manya da aka ce sun girmi shugaban jami'ar. Na ga gauraka biyu a wani keji, na tsaya na gaishe su, na ce ashe ku ma neman abinci ya kawo ku. Ba zaki, ba kura. Na ce wa matar kawuna yana shiga kejin kura da tsintsiya kawai, ta dube ni ta yi dariya, ta ɗauka cika baki ne.

Abin da zai burge ka shi ne tsarinsu. Kowace dabba da lamba a kunne, da kati a ƙofa an rubuta nauyin abincinta. Ruwan sha kuwa ba mai ɗebowa. Kowane kwami da famfonsa, da ruwa ya yi ƙasa sai ya cika kansa.

Batun Dakta Lin. Na tambayi mai gadi, ya ce meyo, wato babu. Na shiga asibitin dabbobin na nuna sunan. Wani matashin likita ya ce masu suna Lin a garin nan kamar masu suna Musa ne a Kano. Ya kira wanda ya fi su daɗewa, shekararsa ashirin da biyu a wurin, ya ce bai taɓa sanin wani Lin yana duba dabba a asibitin ba. Ina ga mutumin ya daɗe da barin aiki, ko kuma ya riga mu. Shekara talatin da bakwai ba kwana talatin da bakwai ba ne.

Ga hotuna goma sha biyu na wanko maka, ka nuna wa tsofaffin abokan aikinka. Gaisuwar dai ba ta isa ba, amma ka ga gidan dabbobin China daga kan tabarmarka.

Ka gaida Inna da Saffana.

Ɗanka,
Umar Faruƙ


Bayan Jami'a,
24 ga Maris, 2024

Ummaru,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Muna lafiya, azumin bana da zafi amma ana kaiwa.

Na ga hotuna. Barewa sun yi ƙiba, famfon ma na gan shi. Amma ba kallon biri na aike ka ba. Da na karanta takardarka raina ya ɓaci, na ajiye ta kwana biyu. Daga baya na ga laifina ne, ni na yi maka magana a dunƙule, kai kuma ka ɗauki layin ƙarshe ka bar na sama. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka karanta wannan kai kaɗai.

A 1987 muna da gwanki biyu, namiji da mace, ni ke kula da su. Cikin bazara suka rame, na ga suna lasar bango. Ka san a ruga na tashi kafin in shigo gari. A wajenmu idan saniya ta fara lasar ƙasa, kanwa take nema, kowane yaro ya san wannan. Na ce gwanki ai ɗan'uwan saniya ne. Ban gaya wa Dakta Lin ba, don na san zai ce a'a, ni kuma a lokacin ina ganin na fi shi sanin dabbar ƙasarmu. Na sayo jar kanwa a kasuwa na daka.

Abin da ban lissafa ba shi ne ruwa. Famfo ya kwana biyu a ɗauke, kwaminsu ya kusa ƙafewa. Na jiƙa kanwar a ɗan ruwan da ya rage, mai yawa na zuba. Da ƙishirwa suke, suka shanye tas. A ruga bayan kanwa rafi ake kora shanu su sha su ƙoshi. Nan ba rafi, ba famfo. Na ce gobe ruwa zai dawo, na tafi gida.

Da safe na tarar da su suna zagaye wuri ɗaya, suna karo da katanga. Kafin hantsi duka biyun sun faɗi. Abu na farko da na yi shi ne na ɗebo ruwa a rijiyar masallaci na wanke kwamin fes, sannan na je na kira likita.

Ana gobe abin zai faru Dakta Lin ya yi musu allurar tsutsar ciki. Aka kafa kwamiti. Gawar ta kumbura da zafi kafin a buɗe ta, ɗakin gwaji kuma ba wuta. Kwamiti ya ce allura ce, ya zarce ƙima. Aka kira ni aka tambaye ni ko sun ci wani abu daban, na ce ciyawa da dusa kamar kullum. Yana zaune a wurin yana kallona, ya gyaɗa kai, don ya yarda da ni. Aka soke kwantiraginsa saura shekara guda. Ni na ɗaukar masa akwati zuwa mota, ya ba ni takalmin aikinsa.

Lokacin Saffana tana goye, aikin nan kaɗai gare ni. Wannan dalili ne, ba hujja ba. Na ƙara shekara ashirin da tara a gidan, aka sallame ni da takardar yabo. Har gobe idan 'yan makaranta suka zo ziyara ni ake kira in ba su tarihin wurin, kuma idan na zo kan gwanki sai in ce ciwo ne ya kashe su.

Malamin da ke yi mana bita ya ce haƙƙin Allah tuba ke wanke shi, haƙƙin mutum kuwa sai mutumin ya yafe da bakinsa. Ba na so in tsaya a Arfa da wannan a wuyana.

Ka koma. Kada ka tambayi likitoci, likitoci zuwa suke su wuce. Ka tambayi masu yankan ciyawa da masu kwashe kashi, a kowane gidan dabbobi su ne suka san kowa. Idan ka same shi ka gaya masa duka yadda na rubuta. Na san sana'arka shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, to kada ka yi mini dillanci, kada ka rage kada ka ƙara. Ka ce ina roƙo ya yafe mini. Abin da ya ce kuma ka rubuto mini shi yadda ya faɗa.

Saura wata biyu.

Kawunka,
Illa


Tianxiu, Xiaobei,
28 ga Afrilu, 2024

Kawu,

Wa alaikumus salam. An yi salla lafiya? Mu a Masallacin Huaisheng muka yi Juma'ar bayan salla, an cika har titi. Ina lafiya, sai dai lokacin baje-kolin Canton ne, baƙi sun cika Xiaobei, ƙafata ba ta huta ba.

Na karanta takardarka. Ba ni da abin cewa a kai, ba a tambaye ni ba. Na koma, kuma na same shi.

Maganarka ta fito. Matar nan mai takalmin roba na nema, ashe ubanta ne ke yanka wa barewa ciyawa a da. Da na ce tsoho ne da ya taɓa zama a Afirka, nan take ta ce ai Malam Lin na ɗakin fata ke nan. Ta nuna mini wani tsohon gini a ƙarshen wurin, wanda na wuce wancan zuwan na ɗauka sito ne. Ta ce ya daɗe da yin ritaya amma yana zuwa duk ranar Alhamis. Na bar kwantenar wani Alhaji a hannun abokina na koma ranar Alhamis.

Ɗakin na matattun dabbobi ne. Idan dabba ta mutu a gidan, sai a feɗe ta, a jeme fatar, a cusa mata wani abu a ɗinke, a sa mata idon gilashi, a tsayar da ita kamar mai rai don ɗalibai su gani. Sun fi ɗari biyu a ciki. Yawancinsu aikin hannunsa ne.

Ɗan ƙaramin tsoho ne, kansa fari fat, yana jin Turanci a hankali. Da na ambaci sunanka ya cire tabarau ya ce, “Illa dogo, mai yi wa kura fito?” Ya ja mini kujera, ya dafa shayi. Ya tambayi 'ya'yanka, ya tambayi ɗan giwan nan, ya tambaya ko har yanzu ana sayar da ƙosai a ƙofar jami'a. Wallahi Kawu, saura kaɗan in sha shayina in ce gaisuwa ce ta kawo ni in tashi.

Na gaya masa. Na bi takardarka layi-layi, ban tsallake wankin kwamin ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kofi ya ɗauko biro. Ya tambaye ni kanwar za ta kai nauyin nawa, na ce ban sani ba, ka ce mai yawa. Ya tambaya kwana nawa ba ruwa, na ce biyu. Ya tambaya ko suna zagaye wuri ɗaya kafin su faɗi, na ce haka ka rubuta. Ya rubuta duka.

Sannan ya ba ni nasa labarin. Rahoton kwamitinku ya biyo shi har nan, an sa a fayil ɗinsa. Ya ce ba wanda ya hana shi aiki. Shi ne da kansa, ranar da ya fara komawa asibiti aka kawo barewa, ya ɗauki sirinji. Ya lissafa maganin sau uku, ya kasa sokawa. Ya ce ya yi ta lissafin allurar gwankin nan shekara da shekaru bai ga inda ya kuskure ba, kuma likitan da bai san inda ya kuskure ba bai kamata ya taɓa mai rai ba. Sai ya nemi a mai da shi ɗakin fata. Shi ya sa ba wanda ya san shi a asibitin. Ya faɗi wannan duka kamar labarin wani yake bayarwa.

Na yi masa bayanin tafiyarka, da yadda ake neman yafiya a wajenmu, na ce kana roƙo ya yafe maka. Ya ce, “Illa yana da hannu mai kyau da dabba.” Na sake roƙo. Sai ya ce, ga maganarsa yadda ya faɗa: “A wajenku magana ta isa. A nan takarda ce ke bin mutum. Takarda ta ce ni na kashe su. Jami'ar da ta rubuta waccan ta rubuta wata, da hatimi. Idan ta zo ka dawo.”

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya raka ni har ƙofa.

A cikin jirgi ina dawowa na yi tunanin in rubuto maka cewa ya yafe, wa zai sani? Kullum abin da nake yi ke nan, lawban, wato mai kaya ɗan China, ya zagi Alhaji in ce yana gaishe shi, ciniki ya faɗa. Amma ka hana ni, kuma bayan na ga ɗakin nan ba zan iya ba. Na ji tausayinsa, Kawu, kuma na ji naka.

Alhaji Mas'udu zai taso jibi. Ka ga abin da za ka iya.

Ɗanka,
Umar Faruƙ


Bayan Jami'a,
19 ga Mayu, 2024

Ummaru,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An yi mana allurar rigakafi, an raba jaka da yadi, tela ya ɗinka mini riga kamar ta mutum biyu.

Takardarka ta zo ranar shida ga wata. Na gode da ba ka gyara ba. Na karanta wurin ɗakin fatar sau ɗaya, ban sake komawa kansa ba. Ni a zatona ya koma gida ya ci gaba da aikinsa, ya manta da mu.

Washegari na tafi jami'a. Kwana takwas ina zirga-zirga. A ofishin ajiyar takardu suka ce fayilolin shekarun nan gara ta gama da su. Na je wajen daraktan gidan dabbobi, yaro ne, a shekarar da abin ya faru ko haihuwarsa ba a yi ba. Ya saurare ni, sannan ya rubuta mini a takarda, tunda ba na ji: “Baba, ka je ka yi Hajjinka, wa ya tambaye ka?” Na ce akwai wanda ya tambaya. Na zauna a bencin ƙofarsa kwana uku, ina gaishe shi in ya shiga, ina gaishe shi in ya fito.

A ƙarshe ya ce ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba sai na faɗa gaban shaidu. Aka tara ma'aikata a gindin tsamiyar da ke kusa da kejin jimina. Wasunsu ni na koya musu riƙon tsintsiya. Na faɗa daga farko har ƙarshe. Yaran suka fara dariya, sun ɗauka irin labaran da nake ba 'yan makaranta ne, sai da suka ga ban yi dariya ba. Issa, wanda muka fara aiki rana ɗaya da shi, ya tashi ya tafi kafin in gama. Shi ne ya fi kowa zagin Dakta Lin a lokacin, saboda yana son gwankin nan. Har yau bai zo gidana ba. Na je nasa, aka ce yana barci.

An buga takardar da Turanci, darakta ya sa hannu, magatakarda ya buga hatimi. Ta ce binciken 1987 ya yi kuskure, ba allura ba ce, kuma ta ambaci sunana. Ga ta nan a ciki, kada ka naɗe ta.

Saffana ta ji, innarka ta ji, unguwa ta ji. Gaisuwar da ake yi mini dai ta ɗan gajarta.

An sa mana ranar ashirin da takwas. Alhaji Mas'udu kuwa ba zai taso ba sai farkon Yuni, bizarsa ta makale. Ka ga amsa ba za ta same ni a gida ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni na bar nawa shekara talatin da bakwai. Tunda yanzu ba sauran abin ɓoyewa, na rubuta maka lambar Malam Babayo limamin unguwarmu a bayan takardar nan, jirginmu ɗaya, masaukinmu ɗaya. Duk abin da mutumin ya ce, ka tura wayarsa ya nuna mini.

Kai ma ka yafe mini wahalar da na ba ka.

Kawunka,
Illa


Tianxiu, Xiaobei,
13 ga Yuni, 2024

Kawu,

Wa alaikumus salam. Da fatan kun sauka lafiya, kuna cikin ibada lafiya. Ni ba ka yi mini komai ba, na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Alhaji Mas'udu ya iso ranar Lahadi. Litinin hutun tseren kwale-kwale ne a nan, ko'ina a rufe. Yau da safe na tafi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na sa takardar cikin leda biyu a ƙarƙashin riga.

Na tarar yana goge wa wata mujiya ƙura da ɗan burushi. Na miƙa masa. Ya wanke hannu ya goge kafin ya karɓa. Ya karanta sau biyu, ya ɗaga ta wajen taga ya duba hatimin. Na gaya masa yadda aka same ta, da benci, da gindin tsamiya, da Issa. Ya tambaya ko an tilasta maka faɗa gaban mutane, na ce sharaɗin darakta ne, kai kuma ka yarda.

Sai ya ce in zauna, akwai abin da bai gaya mini wancan zuwan ba. Ya ce tun ranar da na tafi maganar kwana biyu ba ruwa take damunsa. A lokacin akwai takardar zagaye da yake cikewa kowace safiya, keji-keji, kuma akwai gurbin ruwan sha a ciki. Duba ruwa aikinsa ne. A makon nan zakanya tana ciwo, hankalinsa yana kanta, sai ya riƙa cike gurbin gwanki daga ofis ba tare da ya taka ya leƙa kwamin ba. Ko ranar da ya je yi musu allura bai dubi kwamin ba. Ya ce da ya leƙa da ya sa an kawo tankar ruwa, kuma da akwai ruwa da kanwarka ba ta kashe su ba. Kwamiti bai tambaye shi ba, shi ma bai tuna ba, allura kawai yake ta lissafi.

Ya tambaye ni, a al'adarmu idan wanda aka zo neman yafiya wajensa shi ma yana da nasa laifin, wa ke fara faɗa? Na ce ba a jere, wanda bakinsa ya riga. Ya miƙe tsaye, ya gyara rigarsa, ya ce, “To ka rubuta. Na yafe wa Illa. Shi ma ya yafe mini, na bar shi da dabba biyu ba ruwa.” Na rubuta a gabansa, ya duba, ya sa hannu a ƙasa, ya ce ko za a nema.

Takardar jami'ar kuwa ya ce gobe zai kai ofis a sa a fayil ɗinsa. Na ce ai ya yi ritaya, ya ce fayil ɗin yana nan.

Na ɗauki hoton wannan wasiƙa da hoton abin da ya sa wa hannu, zan tura wayar Malam Babayo. Gaisuwar da na tura masa tun shekaranjiya har yanzu ba ta shiga ba, na kira kuma a kashe, ina jin kuna shirin fita Mina. Zan yi ta gwadawa. Ainihin takardun zan ba Alhaji Mas'udu su jira ka a gida.

Ban sani ba ko za ka ga wannan kafin ku hau Arfa. Ko ka gani ko ba ka gani ba, ya faɗa yau Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a wajenku rana tana fitowa ke nan, kuma Arfa sai jibi. Da bakinsa ya faɗa, a gabana, ni ne shaida.

Ɗanka,
Umar Faruƙ